Masu Bin Ƙasa Da Masu Bin Ruwa: Waiwaye Daga Gadarif

A watan Disamba na 2024 wani katafaren jirgin ruwa mai suna Aroya ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga tashar Jidda yana zagayawa da su cikin Bahar Maliya. Yana cin mutum sama da 3,000, ga ɗakunan kwana, ga wuraren cin abinci, kuma ba a sayar da giya a ciki. Wannan ya sa masu hali a cikinmu, musamman masu zuwa Umara da iyali, sun sami abin tambaya: in an gama ibada an ware 'yan kwanaki na buɗe ido, jirgin za a hau a miƙe ƙafa, ko ƙasa za a bi, a shiga mota ana sauka gari-gari? Tambayar masu sukuni ce, samun sukuni kuwa ba laifi ba ne. Sai dai ta girmi jirgin nesa ba kusa ba. Shekara ɗari da suka wuce kakanninmu sun tsaya a wannan mararraba, tekun da suka dosa shi ne dai wannan, kuma babu garin da ya kai Gadarif ta gabashin Sudan sanin abin da zaɓin nasu ya haifar.

Mu fara da wanda ya bi ruwa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi niyyar Hajji, shi ne kuma na farko cikin sarakunan Arewa na zamanin Turawa da ya sauke farali yana kan gadon sarauta. Makka tana gabas, amma shi kudu ya yi. Ya gangara Ikko, ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya ga Landan, sannan ya sake bin ruwa ta mashigin Suwes har Jidda. Kafin shekara ta zagayo yana zaune a fadarsa. Alhassan Ɗantata ma ta ruwa ya bi a waɗannan shekaru. Zagaye ne mai nisa, amma ga wanda ya baro sarauta ko ciniki a gida, shi ne yanke. Jirgin ruwa yana da ranar tashi da ranar isa, zai ciyar da kai, ya ba ka makwanci, ya kuma mayar da kai inda ya ɗauko ka. Abu biyu kawai yake nema, kuma tun kafin ka taka tsaninsa yake neman su: kuɗi a dunƙule da takarda mai hatimin hukuma.

Talaka ba shi da ko ɗaya. Abin da ya mallaka ƙafa ce da sana'a, sai kuma fatawa. Wannan fatawar ba a cika ambaton ta ba in ana labarin hajjin ƙasa, alhali kuwa ita ce ta tashi mutane daga gidajensu. A mazhabar Malikiyya, wadda muka buɗe ido muka iske a nan, ikon zuwa Hajji ba lallai sai da guzuri a buhu da abin hawa ba. Wanda zai iya takawa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, cikin masu iko ake lissafa shi, muddin zai aminta a kan ransa da dukiyarsa. Saboda haka wanzami ya rataya zabira, baduku ya ɗauki basilla, maɗinkin hula ya soke allurarsa, malami ya saɓa gafaka. A biya bashi, a yafi juna, a bar wasiyya, domin kowa ya san mai tafiya gabas ba a sa masa ranar dawowa.

A da can, manyan ayarin alhazai arewa suke yi, ta Agadas da Murzuk su faɗa Masar. Hanyar gabas tana nan tun tuni, amma yaƙe-yaƙe sun sha toshe ta. An kashe Rabe a Kusuri a 1900, Faransawa suka shiga Abeshe a 1909, Ingilishi suka ci Darfur a 1916, daga nan ƙura ta lafa, jama'a suka kwararo. Mutum ya tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya bi Maiduguri da Dikwa, ya haye kogi a Kusuri zuwa Fallomi, wadda yau ake kira Injamena. Daga nan sai Ati, sai Abeshe, ya shiga Sudan ta Janaina, ya bi Fashir da Nahud har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Mai kuɗin tikiti ya hau, marar shi ya ci gaba da kora jakinsa. Kowane gari akwai zango, akwai mai masauki Bahaushe da zai gaya maka inda ake neman 'yan ƙwadago bana, da rijiyar da ta ƙafe, da ma'aikacin da ya kamata ka kauce wa. Inda damina ta riske ka nan za ka yi noma, kaka ta yi ka sayar ka ƙara gaba. Wani shekara uku, wani bakwai, wani ya fita da ƙuruciya ya dawo da furfura.

Ba kuma Hajji kaɗai ya fitar da su ba. Tun zamanin Shehu Usmanu ake zancen cewa wata rana jama'a za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da niyyar hijira, dubban mutane suka bi shi, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Tun daga lokacin maniyyaci ya san akwai gida a gabansa.

To me ya sa Gadarif? Daga Kano zuwa can kusan kilomita 3,000 ne a miƙe, daga can zuwa bakin teku kuwa bai kai 800 ba. Ita ce gona ta ƙarshe. Da ka wuce Kasala ƙasa ta bushe ke nan, sai duwatsu da rairayi har Sawakin, babu inda baƙo zai yi ƙwadago ya tara abin kirki. Gadarif kuwa shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka, wadda take tsattsagewa da rani, da damina kuma ta riƙe ruwa ta riƙe tayar mota. Dawa da riɗi suna son ta. Mutanen yamma sun san yankin tun kafin zuwan Turawa, domin a Galabat, kan iyakar Habasha, Takari, wato mutanenmu na yamma, sun daɗe da zama suna noma da kasuwanci ƙarƙashin shehunansu. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, shekara guda bayan haka aka haɗa ta da Sinnar, sai garin ya zauna a kan layin da ya tashi daga Jazira, ƙasar auduga, ya nufi Bur Sudan. A tsakiyar shekarun 1940 kuma gwamnati ta fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da garin, abin ya yi ta bunƙasa har yankin ya zama mai ciyar da Sudan.

Tarakta tana gyara ƙasa ta yi shuka, amma ba ta cire ciyawa, ba ta kuma yankan riɗi. Duk wanda ya taɓa noman riɗi a Jigawa ya san halinsa: in ya nuna 'yan kwanaki gare ka, ka yi sakaci kwanso ya buɗe, ƙwaya ta zube. Mai gonar fadan 1,000, wato sama da hekta 400, yana bukatar hannaye da yawa a lokaci guda, kuma zai biya. Abin da ya tsayar da mutanenmu ke nan. Maniyyaci ya ce bari in yi kaka ɗaya in cika kuɗin jirgi. Kaka ta yi kyau, sai ga ciwo, ko ga haihuwa, ko ga ɗan'uwa ya iso da iyali ba ko sisi, dole a tallafa masa. Wata shekarar ya ci bashi da damina a hannun ɗan kasuwa, irin wanda mutanen can suke kira shel, ya biya da amfanin gona a farashin da ba shi ya yanka ba. Kowane jariri da aka haifa ƙarin kuɗin jirgi ne. Haka kaka ɗaya ta zama goma, bukka ta zama gida, gida ya zama unguwa da masallacinta da makarantar allonta.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya lura. Mai bin ƙasa bai tsere wa ruwa ba, jinkirta gamuwa da shi kawai ya yi. Tsakanin Sawakin da Jidda kilomita wajen 300 ne, tafiyar da jirgin fasinja na yau yake yi a dare ɗaya, amma daidai nan ƙafa da sana'a suke daina amfani. Hukumar Turawa tana neman fasfon alhazai, da shaidar allurar rigakafi, da zaman karantina, da kuɗin jirgi na zuwa da dawowa. A ƙetare kuma ga kuɗin shiga ga na muɗawwifi. Abin da Sarki Dikko ya biya tun ranar farko, shi talaka ya tarar yana jiran sa a ranar ƙarshe, bayan hanya ta riga ta cinye ƙarfinsa. Da yawa suka ga ba za su iya ba, sai suka zame ta Kasala zuwa Iritiriya, suka nemi masu jiragen katako na sambuk a wajen Masawa, a haye da su cikin dare a sauke su a wata gaɓa kudu da Jidda, su ƙarasa da ƙafa. Wasu ruwa ya ci su, wasu ƙishirwa, wasu kuma aka raba su da 'ya'yansu aka sayar, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Kada a ɗauka labarin ya wuce. A watan Yuli na 2011 wani jirgin masu safarar mutane ya kama wuta ya nutse bayan ya bar gaɓar Sudan ya nufi Saudiyya, kusan mutum 200 suka halaka, kuma an ba da rahoton akwai 'yan Nijeriya da 'yan Cadi a cikinsu.

Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda a Sudan aka binne cibiyarsu, ba su taɓa ganin Kano ba, ba su kuma taɓa ganin Makka ba, amma in ka tambaye su sai su ce maka su a kan hanya suke. Akwai masu jin wannan su kaɗa kai su ce ga mutanen da suka kasa. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya fita don Allah, hanya ta tsayar da shi, ya noma abin da ya ciyar da ƙasa, ya karantar da Alƙur'ani, ya aurar da 'ya'yansa, ya riƙe harshensa shekara ɗari a tsakiyar Larabci, wannan ba a ce masa ya kasa. Shiga kasuwar kowane babban gari a Sudan da yamma, ƙamshin agashe ne zai tarbe ka, naman da aka barbaɗe da ƙuli da yaji aka gasa, kuma kowane Basudane ya san daga hannun wa ya koye shi. A bakin kogin Atbara da na Rahad, Hausawa suna da yawa cikin masunta da masu lambu. Jirgin ruwa ɗaiɗaikun mutane ya kai ya dawo da su da sunan Alhaji. Hanyar ƙasa kuwa al'umma guda ta haifa.

Amma ta bar bashi, kuma jikoki ne suke biya. Dokar zama ɗan ƙasa da aka kafa a Sudan a 1948, da ta 1957 da ta gaje ta, sun ce Basudane na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Burmi bayan 1903 suka iso, masu yankan riɗi kuma a bayansu. Doka guda ta mayar da dubban ɗaruruwan mutane baƙi a ƙasar da su suka sare dajinta. An sassauta ta daga baya, amma abin da ta shuka a zukata bai mutu ba. Bahaushe ya je neman takardar ɗan ƙasa, a ce ya kawo shaidun da ba a tambayi maƙwabcinsa ba. A watan Oktoba na 2008 wata jarida a Hartum ta jingina wa Shugaba Umar Albashir maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Hukuma ta musanta, amma jama'a sun riga sun fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, aka kuma rasa rayuka a Gadarif. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, aka kashe sama da mutum 100, a Oktoba kuma aka sake wanda ya fi shi muni a Wad Almahi. Tushen abin dai guda ne: wanda kakansa ya zo a matsayin matafiyi, yaushe ne za a yarda ya zama ɗan gari?

Mu kuma na gida, ina muka shiga? A 1948 wasu attajiran Kano, Mahmudu Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda kasuwar 'yan canji ta Fage ta gaji sunansa. Motocinsu suka mayar da tafiyar shekaru ta koma ta watanni, amma dai ƙasa ake bi, ana sauka ana ganin juna. Alhaji mai dawowa da saƙo yake zuwa: wane yana Madani yana gaishe ku, wance ta rasu a Gadarif ta bar 'ya'ya, ga wasiƙar ajami, ga ɗan turare. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara karɓe aikin, gwamnati ta shigo, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, yau kuma awa huɗu zuwa biyar ne tsakanin Kano da Jidda. Alheri ne babba, domin tsoho da tsohuwa da ba za su iya ko wuni ɗaya a bayan babbar mota ba sun ga Ka'aba da idonsu. Amma tun daga nan muke wucewa ta saman 'yan'uwanmu ba ko sallama. An ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa mun ɗauke ƙafar. A gidaje da yawa na Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram akwai sunan wani kaka da ake cewa ya tafi gabas, iyakar abin da aka sani ke nan. Zuriyarsa tana nan da rai, tana jin Hausa, tana sauraron labarinmu a rediyo, mu ba mu san da ita ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sake nuna mana hanyoyin nan biyu ƙiri-ƙiri. Jiragen ruwa suka yi ta kwasar mutane daga Bur Sudan zuwa Jidda, kuma akasarin waɗanda suka sami shiga masu fasfon wata ƙasa ne ko masu biza a hannu. Ɗalibanmu a motocin safa aka fitar da su, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan, sannan jirgin sama ya kawo su gida. Wanda ba shi da takarda kuwa ƙasa ya bi, kamar kakansa. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, yaƙi kuma ya shiga jihar Sinnar a tsakiyar 2024, Gadarif ce ta buɗe makarantunta da gidajenta ga dubban ɗaruruwan masu gudu, wasu suka zarce Galabat zuwa Habasha. Janaina da Fashir, zangunan alhazai na da, yau da kisa da yunwa ake ambaton su. Sharaɗin nan na malamanmu, amincin rai da dukiya, babu shi a wannan hanya yanzu, kuma duk saurayin da yake raya bin ta don a gan shi a Facebook, ya ji tsoron Allah ya haƙura.

To mu koma ga mai sukuni da tambayarsa. Jirgin shaƙatawa otal ne mai tafiya a kan ruwa. Kana barci zai kai ka tasha, a ba ku 'yan awoyi, a zuba ku a mota a nuna muku wuraren da aka shirya dominku, kafin dare kun koma ciki. Ba ɗaukar kaya, ba ciniki da direba, ba ɗan sandan da zai tsayar da kai. Ba kuma za ka ci abinci a gidan kowa ba. In mahaifiyarka za ka kai, ga ciwon gwiwa, ko kana da ƙananan yara, ko shekara ka yi kana aiki hutu kawai kake nema, hau jirgin da zuciya ɗaya, ba mai ganin laifinka. Ka dai tambaya tun kafin ka biya: me kuɗin ya ƙunsa, me za a karɓa daban, wace tasha ce take neman biza ga mai fasfon Nijeriya ko Nijar, yaya abinci, ina wurin sallah. Amma kada ka dawo ka ce ka san ƙasashen da ya raɓa. Gaɓarsu ka gani.

In kuwa kana da ƙarfi a jika, abin da ya fitar da kai kuma shi ne ka san duniya da mutanenta, ni ƙasa nake zaɓa maka, ba wata-wata. Mu Hausawa mun fi kowa dalilin yin haka, don kakanninmu sun riga sun share mana masauki. Wanda ya bi mota zuwa Kumasi ya sauka a Zango, ya ƙarasa Salaga inda fataken goro suka yi zamani, ko ya bi Garwa da Ngaundare ya gangara unguwar Hausawa ta Yawunde, ko ya haye zuwa Injamena, zai iske waɗanda za su amsa sallamarsa da harshensa su tambaye shi mutanen gida. A Saudiyya ma akwai hanyar Ɗa'ifa, akwai Badar, akwai unguwannin Makka da Madina da Jidda inda zuriyar masu hajjin ƙasa suke zaune har yau. Zai gaji, mota za ta lalace, za a tsayar da shi a shinge fiye da ƙima. Amma zai dawo da sunayen mutane da lambobinsu, da gidajen da in ɗansa ya je gobe za a shimfiɗa masa tabarma.

Sai dai ya tafi da darasin Gadarif a ransa. Abin da ya tsayar da mutanenmu a can ba raunin niyya ba ne, ba kuma lalaci ba. Sun fita ne da lissafin hanya, babu lissafin ƙarshenta balle na komowa. Kuɗin dawowa a ware shi tun a gida, a ajiye inda larurar hanya ba za ta taɓa shi ba. Takardu su cika, fasfo da biza da katin allura, domin ranar da al'amari ya ɓaci takarda ce take raba mai shiga jirgi da mai kwana a bakin tasha. Halin hanya kuma a ji shi daga bakin direban da ya biyo ta makon nan, ba wanda ya bi ta shekarun baya ba. Wannan maganar ta fi shafar samarinmu da 'yan matanmu da dillalai suke ruɗa da cewa ku dai fita, in an isa komai zai daidaita. Su tuna da waɗanda suka shiga jirgin 2011.

Saura haƙƙin waɗanda suke can. Wanda Allah ya hore wa abin yawon ƙasashe, ya cire wani abu ya aika wa masu gudun hijira a Gadarif ta hannun da ya amince da shi. Masarautunmu da jami'o'inmu, musamman sassan Hausa da na tarihi a Kano da Zariya da Sakkwato, su fara tattara labarin masu hajjin ƙasa tun yanzu, su kuma shirya ziyara zuwa Mai Wurno da Gadarif ranar da hanya ta yi lafiya. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, zauna da su ka tambayi waɗanda suka tafi gabas ba su dawo ba: sunan mutum da na mahaifinsa, unguwarsu, sana'arsa, da garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe. Rubuta ka ajiye. Waya da intanet sun sauƙaƙa neman dangi, kuma Hausawan Sudan da yawa suna kafafen sada zumunta. Tsofaffin da suka riƙe sunayen nan suna ƙarewa, saboda haka kada ka bari sai an kwana biyu.